Ɗigon jini bayan shekara 40: Tambayar da ke jiran amsa a ɗakunan tazarar haihuwa na Kebbi

Idan macen da ta haura shekara 40 ta fara ganin ɗigon jini ba a lokacin al'adarta ba, alhali tana kan allurar tazarar haihuwa ko tana da ashana a dantse, akwai amsoshi uku da ke jiran ta tun kafin ta sa mayafi ta fita.

Ƙawa za ta ce aikin allurar ne. Yaya ko gwaggo za ta ce girma ne ya zo, al'ada ce ke bankwana. A Islamiyya kuma za a ce jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da sallarta.

Kowace daga cikin amsoshin nan na iya zama gaskiya, kuma galibi gaskiyar ce. Inda gizo ke saƙar shi ne, babu ɗaya a cikinsu da ke kai mace gadon gwaji. Wata za ta yi shiru tana ganin jinin har shekara ta zagayo. Wata kuma za ta je a cire mata ashanar, bayan 'yan watanni ta wayi gari da ciki tana da shekara 45.

A Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukan da ke bin gaɓar Gulbin Rima, duka hanyoyin biyu suna da tsada, kuma tsadar na iya kaiwa ga rai.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Tun shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati. A 2014 kuma aka fito da tsarin da ya bai wa ƙananan jami'an lafiya na karkara da aka horar damar sanya ashana. Matan da suka fara amfani da waɗannan hanyoyi a wancan lokaci suna 'yan shekara 30, su ne yau suka shiga 40 da ɗoriya.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa ya nuna cewa matan aure masu amfani da hanyoyin zamani sun ƙaru daga kashi 12 cikin 100 a 2018 zuwa kashi 15 a binciken 2023 zuwa 2024, kuma ashana da allura ne a kan gaba. Jihar Kebbi na cikin na baya-baya, domin a binciken 2018 ba su kai mata 5 cikin 100 ba. A wurin da masu amfani da abu ba su da yawa, labarin mace ɗaya da jini ya dame ta ya isa ya hana unguwa guda zuwa asibiti.

Sai kuma batun kuɗi. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, daga baya ta rufe hukumar USAID, wadda ta daɗe tana ɗaukar nauyin shirye-shiryen lafiyar mata da yara a Kebbi da Sakkwato da Bauchi. A shekarar dai, ƙungiyoyin da ke bin diddigin kasafin lafiya sun nuna cewa abin da Gwamnatin Tarayya ta ware wa tazarar haihuwa ya faɗo daga kimanin naira biliyan 2.2 a 2024 zuwa kimanin miliyan 66. Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya domin cike giɓin tallafin, amma kuɗin na ɓangaren lafiya ne baki ɗaya.

Wannan lissafi na Abuja yana sauka kai tsaye a jikin mace. Idan allurar da ta saba yi ta yanke a asibitin unguwarsu, ko dai ta makara, ko a sauya mata wata, ko ta koma kemis ta sayi ƙwaya. Kowane sauyi daga cikin waɗannan na iya birkita jini. Idan kuma ma'aikata suka yi ƙaranci, abin da ake fara yankewa shi ne zama a saurari mace a yi mata bayani.

Abin da ke faruwa a jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata na daina al'ada ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Ba a cewa al'ada ta ɗauke sai mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, ba don ciki ko magani ba.

Kafin nan akwai wasu shekaru da za a iya kira jajiberin ɗaukewar al'ada. Sukan kai huɗu, a wasu matan su ninka haka. A wannan lokaci ma'ajiyar ƙwan mace ba ta sakin ƙwai kowane wata kamar da. Sinadaran jiki biyu da ke juya al'ada, istirojin da furojestaron, sai su riƙa hawa da sauka ba tsari. Na farkon shi ke sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri, na biyun kuma shi ke daidaita ta bayan an saki ƙwai. Watan da ba a saki ƙwai ba, shimfiɗar za ta yi ta kauri har ta fara zubewa da kanta, ko kaɗan-kaɗan ko da yawa lokaci guda.

Shi ya sa mace kan yi wata biyu shiru, sannan jini ya zo ya yi kwana goma. Tare da haka wasu kan ji zafi ya taso musu farat ɗaya, da zufa cikin dare, da rashin barci da saurin fushi.

Kowace hanya da irin jininta

Allurar wata uku, wato Depo-Provera da Sayana Press, da ta wata biyu mai suna Noristerat, da ashanar Implanon ta shekara uku da Jadelle ta shekara biyar, duk suna ɗauke ne da sinadari mai aiki irin na furojestaron kaɗai. Yana sa shimfiɗar mahaifa ta yi siriri, ƙananan jijiyoyin jininta su yi rauni, sai su riƙa tsattsafo da jini. Wannan ɗigon ba jinin da ya taru ba ne, kuma rashin ganin al'ada ba ya nufin jini na taruwa a ciki, kamar yadda ake yawan faɗa.

A masu allurar wata uku, kusan rabi kan daina ganin jini gaba ɗaya idan suka cika shekara. A masu ashana, kimanin mace ɗaya cikin biyar ba ta ganin jini, wata ɗaya cikin biyar kuma na fama da jini mai yawan zuwa ko mai daɗewa. Masu shan ƙwaya kullum kan ga ɗigo a watanni uku na farko, ko idan suka tsallake kwana. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da sinadari, amma takan ƙara yawan jinin al'ada.

Akwai kuma magungunan da ke rage ƙarfin ƙwaya da ashana, irin su rifamfisin na tarin fuka, da wasu magungunan farfaɗiya, da wani daga cikin na cuta mai karya garkuwar jiki. Mai shan su kan ga ɗigo, kuma tana iya ɗaukar ciki.

Abin lura a nan shi ne lokaci. Ɗigon da ya biyo bayan fara sabuwar hanya, cikin wata uku zuwa shida, abu ne da aka sani. Amma macen da ta shekara biyu a kan allura ba ta ganin komai, sai kwatsam jini ya dawo, wannan sabon labari ne, kuma bai kamata a ɗora wa allurar laifi ba sai an duba.

Sallah, azumi da kwanan miji

Ga mace Musulma a Gwandu ko Argungu, ɗigon jini ba maganar asibiti kaɗai ba ce. Tambayar farko da ke zuwa mata ita ce ko za ta yi sallah.

Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure da Islamiyya, irin su Ahalari, sun yi bayanin wannan dalla-dalla. Mafi tsawon haila kwana 15 ne. Wadda ta saba da kwanakinta, idan jini ya zarce, za ta ƙara kwana uku muddin ba ta wuce 15 ba. Idan jinin na zuwa yana ɗaukewa, sai ta harhaɗa kwanakin da ta gan shi har su cika adadin, a ranakun da ya ɗauke kuma ta yi wanka ta yi sallah. Abin da ya wuce haka ya zama istihala, ba ya hana sallah ko azumi ko kwanciyar aure. Bayanin yadda hukuncin zai hau kan kowace mace na wurin malamai.

Sai dai fatawa tana warware matsalar ibada ne, ba ta duba mahaifa. Sunan da Hausawa suka ba wannan jini ma, wato jinin ciwo, ya isa ishara. Malaman mazhabar sun kuma ce jinin da mace ta gani tsakanin shekara 50 zuwa 70, a tambayi mata masana a kansa. A yau ungozomar asibiti da likitar mata suna cikin waɗanda suka fi cancantar wannan tambaya.

A cikin gida ma akwai matsi. Jinin da ya ƙi tsayawa na shiga tsakanin mace da mijinta, musamman a gidan da ake rabon kwana. Idan kuma ba da sanin maigida ta yi allurar ba, jinin ne zai tona ta. Ga kunya: matar da ta aurar da 'ya'ya, ta yi surukai da jikoki, ba ta son a gan ta a layi ɗaya da sa'o'in 'yarta. Da yawa sun gwammace su aiki yaro kemis ya sayo maganin tsayar da jini, ko su nemi jiƙo.

Gudun gara, faɗawa gidan zago

Mafita mafi sauƙi a idon mace ita ce ta daina allurar ko a cire ashanar, tunda a ganinta ai haihuwa ta riga ta ƙare. A nan ake yin kuskure, domin muddin al'ada ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, ƙwai na iya fita a watan da ba a zata ba.

Ciki bayan shekara 40 ya fi zuwa da hawan jini, da jijjiga, da ciwon suga, da zubar jini bayan haihuwa, balle ga wadda ta haihu bakwai ko takwas. Daga shekara 45 zuwa sama, fiye da rabin cikin da aka ɗauka kan zube. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2025 ya ƙiyasta cewa mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya.

Shi kansa ɗigon na iya zama alamar ciki, har da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda ke iya fashewa ya kashe mace cikin sa'o'i. Don haka gwajin ciki, wanda bai fi 'yan mintoci ba, shi ne matakin farko ko da mace ta kusa 50.

Abin da ke iya fakewa a bayan ɗigon

Yawancin dalilan ba masu kisa ba ne: ƙarin mahaifa, ɗan tsiro a bakin mahaifa ko cikinta, ciwon sanyi, ko matsalar sinadarin maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo. Amma akwai guda uku da suka sa bai kamata a yi sakaci ba.

Na farko sankarar bakin mahaifa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2020 an samu sabbin masu cutar kimanin 12,000 a Najeriya, kimanin 8,000 kuma suka rasu. Alamunta na farko su ne jini bayan kwanciyar aure, ɗigo tsakanin al'ada, da ruwa mai wari. Rigakafin da aka fara yi a watan Oktoban 2023 na 'yan mata ne masu shekara 9 zuwa 14. Iyayensu mata gwaji ne kaɗai kariyarsu. Burin da hukumar ta sa a 2020 shi ne a gwada kashi 70 na mata suna da shekara 35, a sake gwada su suna da 45, daidai shekarun da ake wannan magana a kansu.

Na biyu sankarar cikin mahaifa, wadda ta fi kama masu ƙiba da masu ciwon suga da waɗanda suka manyanta. Kusan tara cikin goma na masu ita jini ne ke fara nuna musu. Shi ya sa ƙa'idar likitocin mata a ƙasashe da dama ta ce macen da ta kai 45 da jinin da ya saɓa tsari, a ɗebi ɗan samfurin shimfiɗar mahaifarta a gwada.

Na uku kuwa na gida ne, kuma ba a cika ambatonsa ba: tsargiya. Kwarin Rima wuri ne na fadama da noman shinkafa da su. Matan da suka tashi a bakin ruwa, daga Matan Fada a Argungu har zuwa fadamun Birnin Kebbi, sun yi wanka da wanki da ɗiban ruwa a gulbi tun suna yara. An fi sanin tsargiya da fitsarin jini a jikin yara maza, amma a jikin mace ƙwayayen tsutsar kan maƙale a bakin mahaifa da al'aura, su bar miki na shekaru. Alamun su ne ɗigon jini, jini bayan kwanciya, ƙaiƙayi da ciwon mara. An ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ne ke ɗauke da irin wannan tsargiya a Afirka kudu da Sahara. Sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin ciwon sanyin da ake ɗauka ta kwanciya, abin da kan jawo zargi tsakanin ma'aurata. Maganinta, firazikwantal, shi ne wanda ake raba wa 'yan makaranta, rabon da bai cika kaiwa ga iyayensu mata ba.

Alamun da ba a jira da su

Ki je asibiti ba tare da jinkiri ba idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Jini bayan kwanciyar aure, ko sau ɗaya ne.
- Jinin da ya dawo bayan kin yi shekara ba ki gani ba.
- Sauyin jini bayan kin daɗe a kan hanya ɗaya lafiya lau.
- Ɗigon da ya wuce wata shida da fara sabuwar hanya.
- Jini mai yawa da gudaji, ko wanda ke jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya.
- Ruwa mai wari, ciwon mara mai tsanani, rama, jiri ko haki.

Kafin ki je, ki rubuta ranakun da kika ga jini a takarda ko a wayarki, ki tafi da katin allurarki da duk maganin da kike sha. Ki nemi a yi miki gwajin ciki da na yawan jini, a auna hawan jini, kuma a duba bakin mahaifa da ido. Gwajin da ake yi da ruwan kal ba ya ɗaukar lokaci, a take ake ganin sakamako. Idan kin tashi a bakin gulbi, ki faɗa ko ba a tambaye ki ba.

Idan an duba ba a ga komai ba, akwai magungunan 'yan kwanaki da ke rage ɗigon, ko a sauya miki hanya. Robar mahaifa mai sinadari, alal misali, tana hana ciki kuma tana rage yawan jini.

Maigida ma da nasa aikin. Kuɗin mota daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, tafiyar kimanin kilomita 50, bai kai kuɗin jinyar sankarar da ta yi nisa ba, wadda kan kai iyali Sakkwato ko gaba da nan.

Yaushe za a daina?

Ƙa'idar da likitocin Birtaniya ke bi, wadda ake amfani da ita a wurare da yawa, ta ce wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 50 ta ci gaba da kariya na shekara biyu, wadda ta haura 50 kuma shekara ɗaya. A shekara 55 kusan kowace mace na iya dainawa.

Mai allura ko ashana ba za ta iya dogara da ɗaukewar jini ba, domin maganin ma na ɗauke shi. Ita sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Ƙwaya mai sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai shan taba da ta kai 35, kuma akan dakatar da ita a shekara 50. Allurar wata uku na rage ƙwarin ƙashi, don haka akan so a sake duba dacewarta idan mace ta haura 40, a sauya ta idan ta kai 50.

Abin da ya rage ga hukumomi

Kebbi ba baƙuwa ba ce a yaƙi da sankara. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, matar tsohon gwamnan jihar kuma wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, ta shafe shekaru tana jagorantar gangamin gwajin mata, kuma a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ga Babban Asibitin Argungu.

Sai dai gangami na zuwa ne ya wuce, ita kuwa mai allura duk bayan wata uku tana gaban ma'aikaciyar lafiya da ƙafarta. Wannan dama ce da ba ta buƙatar sabon gini. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar na iya mayar da shi ƙa'ida cewa duk macen da ta kai 40 da ta zo allura ko sauya ashana a tambaye ta yanayin jininta, a auna hawan jininta, a kuma yi mata tayin gwajin bakin mahaifa a wurin. Kwalejin jinya ta Birnin Kebbi da makarantar fasahar lafiya ta Jega na iya sanya shekarun jajiberin ɗaukewar al'ada da tsargiyar mata cikin abin da suke nanata wa ɗalibai. Hukumar inshorar lafiya ta jihar, KECHEMA, na iya tabbatar da cewa wadda aka tura daga ƙauye domin hoton mahaifa ko gwajin samfuri ba ta koma gida saboda kuɗi ba. Gwamnatin Nasir Idris kuma na iya ware wa kayan tazarar haihuwa kuɗi daga aljihun jiha, ta kuma sake su a kan lokaci, tunda na waje ya ja baya.

Binciken lafiya na ƙasa mata masu shekara 15 zuwa 49 yake tambaya. Daga 50 mace ta fita daga lissafin, alhali a lokacin ne haɗarin sankarar mahaifa ke ƙaruwa. Jihar da ke da mazaɓu 225 na iya fara nata lissafin da layi ɗaya a rajistar ɗakin tazarar haihuwa: shekarun mace, irin jinin da ta gani, da ko an duba ta.